Hantabairos: Ƙwayar Cutar Ce Ke Kisa, Ko Garkuwar Jiki?

A ranar 26 ga Fabrairun 2025 aka tsinci gawar jarumin fina-finan Amurka, Gene Hackman, da ta matarsa, Betsy Arakawa, a gidansu da ke Santa Fe, a jihar New Mexico. Binciken likitoci ya nuna cewa ciwon zuciya ne ya yi ajalin mijin, matar kuwa hantabairos ce ta kashe ta. Rasuwar tata ta sake taso da tambayar da masana suka shafe fiye da shekaru 30 suna muhawara a kanta: mene ne ainihin abin da ke hallaka mai wannan cuta?

Sunan ba shi da alaƙa da hantar da ke cikin ɗan Adam. Ya samo asali ne daga kogin Hantan na ƙasar Koriya, inda masani Ho Wang Lee ya gano ƙwayar a jikin ɓeran daji a 1976, bayan ta kwantar da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya sama da 3,000 a lokacin yaƙin Koriya. Mutum kan kamu ne idan ya shaƙi ƙurar da ta gauraya da fitsari ko kashin ɓera. Nau'o'in Asiya da Turai sun fi taɓa ƙoda. Na nahiyar Amurka, waɗanda aka gano bayan ɓarkewar 1993 a yankin Four Corners, huhu suke kamawa, kuma a ƙasar Amurka kusan mutum ɗaya cikin uku da suka kamu ba ya tashi.

Abin ɗaure kai shi ne, ƙwayar tana shiga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini, amma ba ta farfasa su. Duk da haka jijiyoyin kan fara yoyo, ruwan jini ya malala cikin huhu har numfashi ya gagara. Wannan ne ya sa zargi ya koma kan ƙwayoyin T, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini. Daga cikinsu akwai CD8, masu farautar duk ƙwayar halittar da cuta ta shiga su kashe ta. Akwai CD4, masu ba da umarni. Akwai kuma masu tsawatarwa, waɗanda ke kwantar da tarzoma idan faɗa ya wuce kima.

Masu zargin suna da hujjoji. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya gano cewa majinyatan Amurka da cutar ta fi tsananta a kansu sun fi yawan ƙwayoyin CD8 masu yaƙar ta. A Finland, masu ɗauke da wani tambarin gado da ake kira HLA-B8, wanda ke nuna wa ƙwayoyin T abin da za su kai wa hari, sun fi shan wahalar nau'in Puumala. Sai kuma shi ɓeran kansa, wanda ke yawo da ƙwayar tsawon rayuwarsa ba tare da ya kwanta ba. Binciken 2007 ya nuna cewa ƙwayoyin T masu tsawatarwa ne ke rinjaye a jikinsa.

Sai dai hujjojin ɗaya ɓangaren ma suna da nauyi. A 2011, masu bincike na rundunar sojin Amurka sun cire ƙwayoyin T daga jikin wasu dabbobin gwaji dangin ɓera, suka sa musu nau'in Andes, amma dabbobin suka mutu kamar sauran. A Chile an gwada maganin methylprednisolone mai dakushe garkuwar jiki, sakamakon da ya fito a 2013 bai nuna wani amfani a zo a gani ba. Haka nan waɗanda suka warke daga nau'in Andes kan riƙe ƙwayoyin T masu tuna cutar na tsawon shekaru, abin da ke nuni da kariya. Mafi kusa da gaskiya dai shi ne, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ƙwayar tana raunana bangon jijiya da kanta, garkuwar da ta harzuƙa kuma tana ƙara ta'adi.

Amsar wannan muhawara ce za ta fayyace inda kuɗin bincike ya kamata ya nufa, ko wajen maganin da ke lallashin garkuwa, ko wajen rigakafin da ke zaburar da ita. Har yanzu babu rigakafin da aka amince da shi a Amurka ko Turai. Waɗanda ake amfani da su a Koriya ta Kudu da Sin na nau'in ƙoda ne. Abin da ke ceton rai shi ne isa sashen kulawa ta musamman da wuri, wani lokaci har da na'urar da ke yi wa huhu aiki a wajen jiki. Manomi da mai sharar rumbu, waɗanda suka fi cuɗanya da ɓera, su ne suka fi nisa da irin wannan gata. Kuma a Epuyén ta Ajantina, tsakanin 2018 da 2019, nau'in Andes ya bi daga mutum zuwa mutum, ya kama 34, ya kashe 11.

Afirka ta Yamma ba ta tsira daga wannan lissafi ba. A 2006 aka bayar da rahoton gano nau'in Sangassou a jikin wani ɓeran kurmi a ƙasar Gini, wanda shi ne na farko da aka samu a nahiyar. A Nijeriya, inda ɓera ke yaɗa zazzaɓin Lassa kowane rani, akwai tambayar da ta dace 'yan majalisa da 'yan jarida su yi wa hukumomin lafiya: idan gwajin Lassa da na maleriya suka fito ba komai, alhali majinyaci na fama da zazzaɓi da ciwon ƙoda, wane gwaji ake yi masa daga nan, kuma nawa aka ware masa a kasafin kuɗi?