Kafin ka sayar da riɗinka saboda allurar gwiwa

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, manyan asibitocin Khartum suka yi mana nisa. Mai ciwon gwiwa a Shuwak yau, in ya wuce asibitin Gadarif ko Kasala, sai ya fara lissafin Bur Sudan ko Alkahira. A daidai wannan lokaci ne tallar wata allura ta cika mana wayoyi, a Facebook da WhatsApp: wai ana sabunta gaɓar da ta lalace, ba yanka, ba kwanciya asibiti. Aikina koyarwa ne, ba likitanci ba, amma ina ganin iyayen yara na shirin ɗaga buhunan riɗi da kuɗin makaranta su bi wannan talla, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Allurar iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda ake kira bilazma. Ana ɗibar jinin mutum, a juya shi a na'ura har ƙwayoyin da ke tsayar da jini su taru wuri guda, sannan a mayar masa da su cikin gwiwa. Ta biyu ita ce ta ƙwayoyin tushe, waɗanda ake cirowa daga ɓargo, ko kitsen ciki, ko cibiyar jariri. Abin da ake fata shi ne su sa guringuntsin da ya cinye ya sake tofowa. Fata ne mai kyau, kuma ilimin ba tatsuniya ba ne, domin da dashen ɓargo an warkar da wasu masu sikila. Sai dai abin da ya yi aiki a jini ba lallai ya yi a gwiwa ba.

An gwada. A 2021 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken da aka yi a Ostareliya kan mutum 288 masu amosanin gwiwa. Rabi aka yi musu bilazma, rabi ruwan gishiri zalla, ba wanda ya san abin da ya samu. Bayan wata 12, ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, ko a ciwon, ko a kaurin guringuntsin. A 2023 kuma mujallar Nature Medicine ta fitar da wani binciken na Amurka, wanda Jami'ar Emory ta jagoranta, da mutum sama da 400. An kwatanta ƙwayoyin ɓargo da na kitse da na cibiya da tsohuwar allurar kotizon mai araha. Bayan shekara guda, ba wadda ta fi kotizon. Tun 2019 ma ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da waɗannan allurai biyu a amosanin gwiwa da na ƙugu.

Wani zai ce, “To malam, ai ƙanin babana ya yi, ya ji sauƙi.” Ban ƙaryata shi ba. Akwai wasu bincike da suka nuna bilazma na rage ciwo na ɗan lokaci ga wanda cutarsa ba ta yi nisa ba, kuma akwai likitocin kirki da ke yin ta. Amma a tuna, waɗanda aka yi wa ruwan gishiri a Ostareliya su ma sun ji sauƙi. Ciwon gwiwa dama haka yake, yana tashi yana lafawa. Wanda ya je Masar ya huta wata guda, bai sunkuya a gona ba, bai ɗauki buhu ba, dole ya ji dama-dama. Jin sauƙi daban, sabuwar gwiwa daban.

Kuma “ba tiyata” ba yana nufin ba haɗari. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 da suka kwanta asibiti bayan an yi musu allurar ƙwayoyin cibiya da suka gurɓata. In haka ta faru inda ake sa ido, ina ga wanda zai dawo Shuwak da gwiwa mai ruwa, likitan da ya yi masa kuma yana wata ƙasa?

Abin da ya fi damuna ma shi ne, a yankinmu ba kowane ciwon gaɓa ne cinyewar guringuntsi ba. Muna shan ɗanyar madarar raƙumi da ta akuya, ita kuwa tana ɗauke da zazzaɓin Malta, wanda ke kama baya da gaɓoɓi, kuma maganinsa ƙwayoyin kashe cuta ne na makonni. Zazzaɓin kankasha da ya kwantar da dubban mutane a Kasala a 2018 yana barin ciwon gaɓoɓi na watanni. Ga sikila, wadda mu Hausawa mun san ta, tana iya kashe kan ƙashin ƙugu. Duk waɗannan bilazma ba ta san da zamansu ba. Gwajin jini da hoton ƙashi a Gadarif sun fi tikitin Alkahira sauƙi nesa ba kusa ba.

In an tabbatar amosani ne, abin da likitoci suka fi yarda da shi ba shi da talla, don ba mai cin riba a kai. Motsa jiki da ke ƙarfafa naman cinya, wanda likitan gashin ƙashi zai koya maka. Rage ƙiba, domin bincike ya nuna kowane kilo ɗaya da ka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Maganin shafawa. Riƙe sanda, ba tare da jin kunya ba. Dattawanmu da yawa abin da ke tura su neman allurar nan shi ne ƙin a gan su suna salla a kan kujera, alhali addini ya yi wa marar lafiya rangwame ya yi sallarsa a zaune. Idan kuma gaɓar ta riga ta ƙare, tiyatar sauya gwiwa aiki ne da aka daɗe ana yi, an san sakamakonsa. Kuɗin da aka zuba a allura uku ko huɗu, da an tara su, da sun rage hanya.

Ban ce kowa ya guji bilazma har abada ba. Wanda yake da hali, likitan ƙashi ya duba shi ya ce a gwada, to ya gwada da idonsa a buɗe. Amma kafin ya biya, ya yi tambaya huɗu: mene ne sunan cutata, me za a sa mini a jiki, sau nawa zan dawo in sake biya, kuma wa zai duba ni in gwiwar ta kumbura? Likitan gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce maka kwalba ɗaya na maganin gwiwa da baya da suga da tsufa, ka riƙe kuɗinka. Riɗi sau ɗaya ake yankan shi a shekara.