Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Jama'ar Arewa, iyaye da malamai da masu hannu da shuni, a kasa kunne!

Mai shayi na karɓar kuɗinsa ta POS. Hajiya na tallan atamfa a WhatsApp daga cikin ɗakinta. Yaronka bai zauna jarrabawar JAMB ba sai a gaban kwamfuta. Kowace manhaja a cikin waɗannan, wani ne ya zauna ya rubuta ta layi bayan layi. To, nawa ne a ciki 'ya'yanmu suka rubuta? Mun ƙware a latsawa, mun bar wa wasu ƙira, alhali maƙerar tana nan a ƙofar gidanmu.

A watan Oktoban 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta Zariya. A wannan shekarar ce kuma Jami'ar Purdue ta kafa sashen kimiyyar kwamfuta na farko a duk faɗin Amurka. Ashe wannan fanni da jami'ar Sardauna sa'o'in juna ne. A Samaru, ilimin kwamfuta a sashen lissafi ya yi rarrafe kafin ya miƙe da ƙafarsa ya zama sashe mai cin gashin kansa. Shi ya sa cibiyar kwamfuta ta jami'ar take ɗauke da sunan malamin lissafi, Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa wanda ya yi digirinsa na uku a Kambirij ta Ingila, ya shugabanci sashen lissafi, sannan ya riƙe jami'ar baki ɗaya daga 1975 zuwa 1978.

Kuma kada wani ya ce mana wannan ilimi baƙo ne. Kalmar algoridim, wato jerin matakan da ake tsara wa kwamfuta ta bi har ta warware matsala, daga sunan Alkawarizmi ta fito, malamin lissafin nan na Bagadaza. Daga nan gida kuwa, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya rubuta littafi a 1732 kan ƙa'idojin cika gidajen hatimi da lambobi, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa. Mutumin Katsina ya tsara matakan lissafi shekaru ɗari biyu kafin a ƙera kwamfuta. Gado muke nema mu karɓa.

Masu zaton buga takarda ake koyarwa a wannan sashe, su gyara zatonsu. Aikinsa shi ne ya horar da yaro ya fasa babbar matsala gida-gida, ya rubuta manhajar da za ta warware ta, ya adana bayanai, ya tsare su daga ɓarayin intanet. Matsalolin kuwa ga su nan jibge. Cibiyar Binciken Aikin Gona tana nan Samaru da irin masara da wake da ta inganta, tana buƙatar hanyar da labari zai isa wayar manomi da harshensa. Asibitin koyarwa na Shika yana da dubban fayilolin marasa lafiya. Gidan Arewa a Kaduna yana riƙe da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da Ajami masu jiran na'urar da za ta iya karanta su. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, amma wa zai koya wa na'ura bambancin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, in ba wanda ya sha harshen a nono ba?

Don haka kowa ya ɗauki nasa kason.

Iyaye, ku daina tsorata yara da lissafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba mai shiga wannan sashe sai da kiredit a lissafi. Yarinyar da ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashi ba kuskure, ku bar ta ta nemi gurbi.

Alhazai da 'yan kasuwa, kun gina masallatai kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka da alheri. Ku ƙara da ɗakin kwamfuta mai sola, ku biya wa ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa kuɗin makaranta. Ilimi mai amfani ma sadaka ce mai gudana.

Tsofaffin ɗalibai da ke Abuja da Legas da ƙasashen waje, ku waiwayi ajin da ya yaye ku. Ku karɓi ƙannenku horon SIWES, ku zo ku koyar ko da na mako guda ne.

Ku kuma ɗalibai, ku daina sayen furojet a bakin get. Wanda bai kwana yana farautar kuskure a manhajar da ya rubuta da hannunsa ba, kwali kawai zai kai gida.

Kai mai son taimakawa, in ba ka kusa da Zariya, Jami'ar Bayero na nan a Kano, ta Usmanu Ɗanfodiyo na Sakkwato, kowace da nata sashen. Ka je wanda ya fi kusa da kai cikin wannan zangon karatu, ka nemi shugabansa, ka tambaye shi abin da ɗalibansa suka fi buƙata. In kwamfuta ɗaya ce ƙarfinka, kai ta.