Waiwaye: Fasfo Biyu na Jabu, Makoma Biyu

A watan Yulin 1999, kotuna biyu suka yanke hukunci kan 'yan Afirka biyu da suka tsallaka ƙasar waje da takardun da ba nasu ba. Ɗaya a Landan, ɗaya a New York. Kowanne ya fito da murna a lokacin, amma kafin shekara huɗu ta cika kowa ya ga bambancinsu.

Na Landan ɗan Aljeriya ne mai suna Adimi, wanda ya shiga Birtaniya da takardun jabu, hukuma ta so ta hukunta shi kamar kowane mai zamba. Babbar Kotu ta ce a dakata. Ta jawo Sashe na 31 na Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951, wadda aka sa wa hannu a Geneva, ta ce wanda ke gudun ceton rai ba kasafai yake samun damar tsayawa layin biza ba, kuma ɗan yada zango a wata ƙasa a kan hanya ba ya soke masa wannan kariya. A shekarar majalisa ta shigar da kariyar cikin dokar ƙasa, da sharuɗɗanta: mutum ya kai kansa ga hukuma ba tare da jinkiri ba, ya kawo dalili mai ƙarfi, ya nemi mafaka da zarar hali ya yi.

Sharuɗɗan nan su ne inda mutane ke zamewa. Wanda ya shiga da fasfon jabu ya ɓuya, ya kama aiki da shi, sai ranar da aka kama shi ya ce mafaka yake nema, ya raunana kariyarsa da hannunsa. Dokar takardun shaida ta 2010 kuwa ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10. Ko mai gaskiya ma bai tsira ba idan lauyansa ya yi barci. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin wasu masu neman mafaka, a shari'ar da aka fi sani da Mateta, domin sun amsa laifi ba tare da an gaya musu cewa doka ta ba su kariya ba.

Ta New York kuwa labarinta ya fi tsawo. Ta sauka a 1997 da fasfo mai sunan Adelaide Abankwah, 'yar Gana. Ta ce ita ce za ta gaji kujerar magajiyar garinsu, kuma idan ta koma za a yi mata kaciya don an gano ba budurwa ba ce. Ta shafe sama da shekara biyu a tsare. Mujallu suka ɗauki labarin, 'yan fim irin su Julia Roberts suka sa baki, har Hillary Clinton, matar shugaban ƙasa a lokacin. Kotun ɗaukaka ƙara ta gaskata ta, aka sake ta, aka ba ta mafaka.

A ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta fasa ƙwan. Sunanta Regina Norman Danson, tsohuwar ma'aikaciyar otal, mai sunan ta ainihi kuma tana zaune a Amurkan, an sace mata fasfo ne. A Janairun 2003 kotun tarayya ta same ta da laifin rantsuwa kan ƙarya da zambar fasfo. Abin da ya fi damuna a wannan shari'a shi ne matan da suka biyo bayanta, waɗanda da gaske kaciyar suke gudu, suka tarar da alƙalai sun fara sauraron irin labarinsu da kunne ɗaya.

A ganina ga inda dokar ta ja layi. Takardar da mutum ya yi amfani da ita ya kuɓuta, ya kuma faɗa da bakinsa cewa jabu ce, tana da mafita. Wadda ya miƙa wa alƙali a matsayin hujja, ko wasiƙar 'yan sanda ce, ko katin jam'iyya, ko shafin jaridar da aka buga a shagon kwamfuta, ba ta da ita. Dillalan biza masu sayar da irin waɗannan takardu sun san wannan sarai. Ba za su faɗa ba, tunda wasiƙar ita ce hajarsu.

Amurka ta fi kowa zafi a nan. Tun dokar 1996, idan alƙali ya tabbatar mutum ya ƙirƙiri wani muhimmin ɓangare na labarinsa da gangan bayan an gargaɗe shi, an rufe masa ƙofar izinin zama har abada. Aure ba ya buɗe ta, aiki ba ya buɗe ta. Kuma ba sai mutum ya tona kansa ba. A Disambar 2012 aka gurfanar da mutum 26 a New York, ciki har da lauyoyi, bisa zargin rubuta wa 'yan Sin labaran zalunci na ƙarya. Da aka kwashe takardun ofisoshinsu, sai hukuma ta koma kan fayilolin dubban waɗanda suka riga suka samu mafaka ta hannunsu.

Wani lokaci ma ba a ofishin shige da fice ƙaryar ke kama mutum ba. A 2011 Nafissatou Diallo, 'yar Gini mai aikin gyaran ɗaki a wani otal a New York, ta zargi Dominique Strauss-Kahn, shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya a lokacin, da cin zarafinta. Ana cikin bincike ta amsa cewa labarin da ta bayar lokacin neman mafaka haddace shi ta yi daga kaset ɗin da wani mutum ya ba ta. Masu gabatar da ƙara suka ce ba za su iya tsayar da ita gaban masu taya alƙali hukunci a matsayin shaida ba. A watan Agusta aka janye tuhumar, ba tare da wata kotu ta taɓa tantance abin da ya faru a ɗakin otal ɗin ba.