Maki 10 bisa 20 bai isa ya auna injiniya ba

Duk wanda ke da ɗa a makaranta a ƙasar nan ya san lissafin 10 bisa 20: wanda ya kai ya haye, wanda bai kai ba ya maimaita. Da wannan ma'auni aka auna mu, da shi kuma ake auna ƴaƴanmu tun daga kwaleji har jami'a. Batunmu na wannan mako shi ne ko ma'aunin ya wadatar ga ɗalibin da gobe za a damƙa ma injin kuran na gari, ko ramin ma'adinai da mutane a ciki.

A shekara ta 2014 aka kafa jami'ar Agadas, tare da na Diffa, Dosso da Tillaberi, shekara huɗu bayan na Maraɗi, Tawa da Damagaram. Da yake jihar ƙasar ma'adinai ce, sai aka karkata karatunta wajen ilimin duwatsu da makamashi. Garin kuwa ba baƙo ba ne ga wannan fanni, don makarantar EMAIR ta daɗe tana horar da ma'aikatan ma'adinai a nan, kamar yadda EMIG ta Yamai ke yaye injiniyoyi. Aiki kuma yana bakin ƙofa: SOMAIR ta soma fitar da uraniyom a Arlit tun 1971, SONICHAR na haƙar gawayin ƙasa tana ba da kuran daga yankin Cirozerin, ga zinariyar Jado da ta ɓullo a 2014.

Jami'o'inmu suna bin tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta amince da shi a 2007: lisansi shekara 3, mastar shekara 2, sannan dokta. Ana raba shekara zango biyu, kowane zango da "kiredi" 30, kowane kiredi kuma yana nufin aikin awa 20 zuwa 25. Wanda ya tara 180 ya sami lisansi. Tsarin yana da amfani, domin ɗalibin Agadas zai iya ɗaukar abin da ya tara ya ci gaba a Wagadugu ko Dakar. Amma kiredi awoyi yake ƙirgawa. Yana shaida cewa yaro ya zauna a aji, ya ci jarrabawa. Bai faɗi abin da hannunsa ya iya ba.

Sai kuma ƙa'idar cike giɓi, wadda makarantu da dama masu bin wannan tsari suka yarda da ita, wato darasin da ka ƙware ya rufa ma wanda ka gaza asiri. A ce yaro ya sami 16 a turanci, ya sami 4 a lissafin ƙarfin ƙarfe da siminti, kuma nauyin darussan ɗaya ne. In an haɗa an raba, 10 ke nan, ya wuce. A fannin adabi wataƙila babu laifi. Amma ginshiƙin da zai ɗauki tankin ruwa na unguwa bai san turanci ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan magana, don ba wanda zai karɓi buhun gero rabinsa tsakuwa a ce masa ai nauyi ya cika.

Kada mu manta da yadda yajin aiki da jinkiri suka sha cinye shekarun karatu a jami'o'in ƙasar nan. In lokaci ya ƙure, darasin allo ana iya gaggauta shi, a raba takardu, a yi jarrabawa. Aikin ɗakin gwaji da fita daji su ne na farko da ake yankewa, saboda suna bukatar mota, mai da kayan aiki. A takardar sakamako kuwa ba a ganin wurin da aka yanke.

To, mi wasu suka yi? A 1989 hukumomin tantance karatun injiniya na ƙasashe shida, ciki har da Amurka, Ingila da Kanada, suka ƙulla yarjejeniyar Washinton don amincewa da shaidar juna. Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1990, hukumar Amurka mai suna ABET ta sauya tambayar da take yi ma makarantu. Da can takan tambayi abin da aka koyar. Yanzu tana cewa a nuna mata abin da wanda aka yaye ya iya, da hujja. Afirka ta Kudu ta shiga yarjejeniyar a 1999, maƙwabciyarmu Najeriya kuma ta zama mamba ta wucin gadi a 2023 ta hannun hukumarta COREN. A ɓangaren masu faransanci, Faransa tana da hukumar CTI tun 1934, kuma makarantar 2iE ta Wagadugu ta sami amincewarta. Abin da ya yiwu a Burkina Faso bai kamata ya gagare mu ba.

Hanyar ba ta da wani sihiri, daga ƙarshe ake farawa a dawo baya. Kafin a raba darussa, malamai su zauna su rubuta ayyukan da ɗalibi zai iya yi ranar da ya fita, da kalmomin da ake iya gwadawa. "Ya fahimci makamashin rana" ba magana ba ce da za a auna. Amma a ce: an kai shi garkar albasa a Tabelot ko Timiya, ya auna zurfin rijiya, ya lissafa ruwan da shuka ke sha a wuni, ya zaɓi famfo, ya faɗi faifan rana nawa za a sa, da kuɗinsu. Wannan ana iya gwada shi. Kuma nan ake gane wanda ya yi hadda da wanda ya yi karatu. Ƙarfin da kamfani ke rubutawa a bayan faifan an auna shi ne a zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da faifan ya ƙara zafi, yana rasa kusan kashi 0,4 cikin 100 na ƙarfinsa. A ranar bazara ta Agadas faifan kan kai digiri 65, wato an rasa kamar kashi 16 cikin 100 tun kafin ƙura ta kwanta a kai. Wanda bai sa wannan cikin lissafi ba, famfonsa zai ba da ruwa ƙasa da alkawari, mai garka ya yi asarar shukarsa, alhali injiniyan yana riƙe da takardar shaida mai hatimi.

Daga wannan aiki guda ɗaya darussa suke fitowa da kansu: tafiyar ruwa cikin bututu, lantarki, lissafin farashi, rubuta rahoto, har da iya yi ma mai garka bayani da hausa ko tamajak. Sai a zana jadawali, ayyuka a jere a gefe, darussa a sama, a sa alama duk inda darasi ke koyar da aiki. Aikin da bai sami alama ba, giɓi ne a tsarin. Darasin da bai taɓa ko aiki ɗaya ba, a tambayi dalilin zamansa. Nan fa rigima take, domin sau da yawa darasi yana nan ne kawai saboda akwai malamin da ya karanta shi a waje, kuma awoyinsa abincinsa ne. Sannan a ware ƴan ayyukan da ba a cike giɓinsu, irin waɗanda kuskure cikinsu ke cin rai, a ce sai an ci su ɗaya-ɗaya, a gaban alƙalan da aƙalla ɗaya daga cikinsu injiniya ne mai aiki a waje. Maƙeran azurfa na garin nan ma ba su yaye almajiri don ya daɗe a gindin zuga-zugi, sai sun juya abin da ya ƙera sun duba.

Akwai wani tarko da ya kamata a kauce masa. In an ce a tambayi masu ɗaukar ma'aikata, ba a ce a ɗinka karatu daidai wuyan kamfani ɗaya ba. COMINAK ta yi aiki a Akuta daga 1978 har ta rufe ranar 31 ga Maris 2021. Wanda bai iya komi ba sai aikin wannan rami, ina ya nufa? Alhali rufewar kanta ta buɗe aikin shekaru masu yawa: rufe tarin dusar ma'adinai, auna tururin uraniyom, da sa ido kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa, abin da ke nufin nauyin ya ƙara komawa kan ƴan ƙasa. Don haka a jawo kamfanoni teburin shawara, amma a jawo ma'aikatar ruwa, magadan gari, ƙungiyoyin masu garka da ƴan kasuwar da ke sayar da kayan sola, su ma su faɗi irin ma'aikacin da suke nema ba su samu.

Ma'aikatan gwamnati sun san cewa da takarda ake ba da matsayi da albashi, shi ya sa uba kan tambayi ɗansa takardar kawai. Amma uban da ya sai da raƙumi ko ya taɓa jarinsa don karatun yaro yana da haƙƙin ya tambayi makaranta ƙarin abu uku: sati nawa ɗalibi ke yi a wurin aiki kafin a yaye shi, wane ne ke duba rahoton wannan sitaj, kuma cikin waɗanda aka yaye shekara uku da suka wuce nawa ne ke aiki a fanninsu. Amsar ta ƙarshe ba ta bukatar tallafin waje. Littafi ɗaya, lambobin salula na tsofaffin ɗalibai, da ma'aikaci ɗaya da zai kira su sau ɗaya a shekara sun isa, sai a karanta sakamakon a taron malamai kafin a raba darussan baɗi.