BMW, Golf ko Marsandi: wacce ce motar hanyar Buza?

Makon jiya wani dattijo, mahaifin tsohon ɗalibina, ya tare ni a bakin makaranta bayan an tashi. Ɗansa ya dawo daga biɗa a Abijan bayan shekara shida, ya tara abin da ya tara, kuma ya ƙudura sai ya sayi mota. An turo masa hotunan motoci uku a waya, dukkansu tsofaffin Jamus: BMW 325i, Golf GTI da Marsandi 190. Zuciyar yaron tana kan BMW. Dattijon ya ce da ni, "Mushe, kai ka karantar da shi, kuma kana hawan irin waɗannan motoci. Ka faɗa mana gaskiya tun kuɗin ba su bar hannu ba."

Na ba shi amsa a tsaye, amma na ga ya dace in rubuta ta, domin irin wannan shawara tana yawan zuwa wa malamai da iyaye a Madawa, Buza da Keita. Wani lokaci ma malamin ne da kansa ya yi shekaru yana adashi, yana mafarkin ranar da zai sauka daga babur.

Masu gardamar motoci a fada suna auna mota da gudu, da yadda take bin umarnin sitiyari, da ƙwarin jikinta. Haka suke jera su, gudu a gaba. Ra'ayina shi ne a ƙasar Adar jerin nan a kife yake: ƙwari ya kamata a fara tambaya, gudu ya zo a ƙarshe. Bari mu bi motocin ɗaya bayan ɗaya.

BMW da ake magana ita ce ƙirar da ake kira E30, wadda aka yi daga 1982 zuwa 1994. Samfurin 325i yana da injin mai silinda shida, lita 2.5, da ƙarfin doki wajen 170. A cikin ukun nan babu mai kamo ta a gudu, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa ta a kan kwalta mai kyau ya san daɗinta. Sai dai ƙafafun baya ne ke tura ta, kuma an san ta da wutsiya mai saurin zamewa. Direba ya shiga kwana da ƙarfi a kan tsakuwa ko jar ƙasa, sai bayanta ya nemi wuce gabanta. Ƙwararre yana iya maido ta. Yaron da ya karɓi lasisi bara ba zai iya ba. Bayan haka injinta da bel yake juyawa, bel ɗin kuma yana da wa'adi. In ya tsinke ana cikin tafiya, bawul sun lanƙwashe, sai buɗe inji. Ba ta kuma yafe zafi: ruwa ya ƙare a lagireto cikin watan Afrilu, kan injin yana iya tsagewa.

Golf GTI ta fara fitowa a 1976 da ƙarfin doki 110. Ƙira ta biyu, wadda aka fi gani yanzu, ta zo da lita 1.8 da doki 112, daga baya aka yi mai bawul 16 da doki 139. Ba ta da nauyi, ba ta cin mai da yawa, kuma ƙafafun gaba ke jan ta, don haka ta fi BMW sauƙin riƙewa a hannun sabon direba. Kayan gyaran Golf ba su da wuyar samu, tunda dangin motar sun cika tashoshin Sakkwato da Katsina suna jigilar fasinja. Matsalarta ita ce tun daga kamfani an sassauke ta ƙasa don ta manne wa kwalta. Ni kaina na yi Golf kafin motar da nake hawa yanzu. Wata ranar kasuwa, a kan hanyar wani ƙauye da ke bayan Buza, dutse ɗaya ya fasa mini kaskon baƙin mai. A nan na kwana, washegari amalanken jaki ya kawo mini bakanike.

Marsandi 190 an yi ta daga 1982 zuwa 1993, kuma an ƙera fiye da miliyan 1.8. Ita ma tana da jinin tsere a danginta. Samfurin 190E 2.3-16, wanda kamfanin Cosworth na Ingila ya yi wa kan inji, yana da doki 185, kuma da irinsa Ayrton Senna ya ci tseren Nürburgring a 1984. Amma wadda ta cika hanyoyinmu ita ce ƴar uwarta mai gazuwal, 190 D, mai doki 72 kacal. In ta tashi daga tsaye sai ka ce raƙumi ne ke miƙewa. Duk da haka ita nake hawa, ita kuma na ba dattijon shawara. Injinta da sarƙa yake juyawa, famfon gazuwal ɗinta na ƙarfe ne zalla ba ruwansa da kwamfuta, kuma da wuya ka shiga garejin Ƙonni, Maraɗi ko Tawa ka rasa wanda ya san cikinta. Ƙafafunta na baya kowacce sanduna biyar ke riƙe da ita, ƙirar da Marsandi ta fara da wannan mota, shi ya sa take zama daram a hanya mai gargada ko da an cika ta da mutane da buhun albasar Galmi.

Akwai batun mai da ba a cika kawowa a gardama ba. BMW da GTI da 190E duka masu fetur ne da ke fesa mai ta ƙananan kafofi, an kuma yi su ne don man da aka tace sosai. Mu kuwa da zarar an bar babban gari, sau da yawa man kwalba na bakin hanya ake samu, wanda ya sha ƙura, wani lokaci har da ruwa. Irin wannan mai yana toshe su sannu a hankali, gyaran kuma ba kowane bakanike ya iya ba.

Masu son gudu suna yawan kafa hujja da tseren Paris-Dakar, wanda ya riƙa ratsa ƙasarmu ta Agadas da Tenere. Gaskiya ne motocin Jamus sun yi suna a cikinsa: Volkswagen ta ci a 1980, Marsandi a 1983, Porsche a 1984 da 1986. To amma a duba waɗanne motoci ne. Ta Volkswagen ƙirar soja ce mai suna Iltis. Ta Marsandi 280 GE ce, mai tsayi kamar ta masu aikin daji. Porsche 911 da ta ci a 1984 sai da aka ɗaga ta sama, aka sa ƙafafunta huɗu duka suna ja, ga kuma manyan motoci cike da kayan gyara da makanikai suna biye da ita. Wato Jamusawan da kansu, da suka tashi shigowa ƙasa irin tamu, sai da suka sake wa motar tsere ƙira. Ɗan biɗa da ya kawo BMW daga Kwatano ba shi da ayarin makanikai a bayansa.

Wannan tseren ya bar wani darasi da ya fi shafar mu malamai. A 1988 motar tsere ta kashe yarinya ƴar shekara goma a garin Kita na ƙasar Mali, kuma ba ita kaɗai ce yarinyar ƙauye da tseren ya ci ba a tsawon shekarunsa. Motocin nan an yi su ne don manyan hanyoyin Jamus, inda a wurare da yawa babu iyakar gudu, babu jaki, babu amalanke, babu yaro mai talla. Babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta bi Galmi da Madawa zuwa Maraɗi ta cikin garuruwa take wucewa, ɗalibanmu kuma suna tsallaka ta safe da rana.

Ga lissafin da nake yi wa ƴan ajina a allo. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tun direba bai kai ƙafarsa ga birki ba. A gudun 50, mita 14 ne. In kuma aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkuwa sau huɗu. Wannan lissafi bai san sunan kamfani ba. Doki 170 a ƙarƙashin ƙafar saurayi ɗan shekara 25, ranar ɗaukar amarya, abokai suna zuga shi, abin tsoro ne ga duk mai ɗa a makaranta.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce yaro ya sha wahalar kuɗinsa, a bar shi ya more. Haka ne, kuɗinsa ne, ban kuma ce son mota mai kyau laifi ba ne. Ni ma in na ji kukan injin BMW sai na waiwaya. Amma kuɗin shekara shida ne, kuma a gidajenmu motar mutum ɗaya ita ce motar kai mai naƙuda asibiti da dare, ita ce ta zuwa gaisuwar rasuwa a Keita cikin damina lokacin da ƙoramu suka kawo. Wasu kuma za su ce ai duk wannan gardama ta wuce, Toyota ta riga ta gama da kowa. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma wanda kuɗinsa suka kai Hilux ko Corolla mai lafiya ba zan hana shi ba. Tambayar da aka yi mini dai a kan Jamusawan nan uku ce.

Wani abu da ya kamata iyaye su riƙe: ƙaramar cikin motocin nan ta ba shekara 30 baya. Sunan kamfani ba ya hana roba bushewa ko waya ruɓewa. Marsandin da aka wulaƙanta ta fi Golf da aka kula da ita sharri. Don haka kafin a biya, a je da bakanike na gida wanda ba shi da alaƙa da dillali. A ɗaga motar a duba ƙasanta, domin gishirin da ake zubawa a hanyoyin Turai lokacin sanyi yana cin ƙarfe, fenti kuma yana rufe tsatsa. A tayar da injin da safe yana sanyi a ga irin hayaƙin da yake fitarwa. Kada a yarda da lambar kilomita da ke kan allo, ana mayar da ita baya. A tabbatar da takardun kwastan. Sannan a ware aƙalla kuɗin tayoyi huɗu, birki da gyaran farko, a ajiye gefe. Wanda ya zuba duk abin da yake da shi a farashin mota, a ƙofar gida za ta tsufa, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Dattijon ya saurare ni har na gama, ya ce zai gaya wa ɗansa, amma ya fi son yaron ya ji daga bakina. Mun yi alkawari ranar Asabar zan ba shi makullin tsohuwar 190 ɗina, mu tafi Buza mu dawo, shi ke tuƙi ina gefe. Na kuma ce ya roƙi mai BMW ɗin ya bar shi ya bi wannan hanya da ita kafin a yi ciniki. In mai motar ya ƙi, to yaron ya samu amsarsa.