Taron Fili Daban, Layin Ƙuri'a Daban

Ran 25 ga watan Fabrairu na 2023 aka yi zaɓen Shugaban Ƙasa a Nijeriya. Hukumar zaɓe ta INEC ta ce mutum miliyan 93 da 'yan kai ne suka yi rajista, kuma miliyan 87 daga cikinsu sun karɓi katinsu. Amma da aka gama ƙidaya sai aka tarar waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, watau wajen kashi 27 cikin 100 na masu rajista. Alhaji Bola Ahmed Tinubu ya ci zaɓen da ƙuri'a miliyan 8 da dubu 794, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200. Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa ganin ƙarancin fitowa irin wannan ba.

Abin kuwa ba a ranar ya fara ba. A zaɓen 2003 kashi 69 cikin 100 aka ce sun fito. A 2011 suka koma kashi 54, a 2015 kashi 44, a 2019 kashi 35. Gaskiya ne cewa alƙaluman can baya akwai aringizo a cikinsu, domin kafin zuwan na'urar tantance kati a 2015 ana iya cika akwati da ƙuri'un mutanen da ba su bar gidajensu ba. Gaskiya ne kuma littafin rajista bai rasa sunayen waɗanda suka rasu da waɗanda suka ƙaura. To, ko an ɗebe wannan duka, raguwar tana nan, kuma duk wanda ya ga yadda rumfunan birane suka kasance fayau a ranar zai shaida.

Abin mamaki shi ne, a daidai shekarun da masu jefa ƙuri'a suke raguwa, kuɗin siyasa hauhawa suke yi. Dokar zaɓe ta 2006 ta yarje wa mai neman shugabancin ƙasa ya kashe Naira miliyan 500. Ta 2010 ta mai da su miliyan dubu ɗaya, ta 2022 kuma ta ɗaga su zuwa miliyan dubu biyar. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman tsayawa takarar Shugaban Ƙasa a kan Naira miliyan 100, PDP kuwa a kan miliyan 40. Wannan fa kuɗin shiga fage ne kurum, tun ba a buga hoto ko ɗaya ba. Faɗuwar darajar Naira ta ci wani kaso na wannan ƙari, amma babu mai cewa 'yan takara sun rage hannu.

To, ina kuɗin suke tafiya? Kaso mai tsoka yana ƙarewa ne wajen taron gangami. A yi hayar motoci a kwaso jama'a daga ƙauyuka, a raba riguna da huluna da atamfa mai hoton ɗan takara, a sallami makaɗa da mawaƙa, a biya gidajen rediyo da talabijin. Fili ya cika ya batse, ɗan takara ya koma masauki da farin ciki. Sai dai sau da yawa waɗanda suka cika masa fili yau su ne za su cika wa abokin hamayyarsa jibi, domin abin da ya kawo su ɗaya ne. Ranar zaɓe kuwa babu mai tambayar ina suka shiga.

Sai kuma kuɗin jajibirin zaɓe. A 2023 rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan. In aka raba Naira miliyan dubu biyar ɗin nan a kansu, kowace rumfa ba za ta sami abin da ya wuce Naira 28,000 da 'yan kai ba, alhali a ciki ne za a sallami wakilin jam'iyya da zai wuni yana gadin ƙuri'a. Mai karatu shi kansa zai iya gane cewa abin da ake kashewa a zahiri ya zarce na takarda nesa ba kusa ba. Daga cikin wannan rarar da ba ta shiga littafi ne ake samun taliya da sabulu da 'yan kuɗin da ake miƙawa a bayan rumfa, ko da yake doka ta haramta.

A nan ne gizo yake saƙa. Mai sayen ƙuri'a da wanda ya riga ya zo layi yake ciniki. Wanda ya zauna a gida ba ya cikin lissafinsa, hasali ma zamansa a gida riba ce gare shi. Ga misali: a ce rumfa tana da masu rajista 500. In mutum 130 suka fito, duk wanda ya mallaki ƙuri'a 66 ya gama. In kuwa 400 suka fito, sai ya nemi fiye da 200, kuma jakarsa ba lalle ta kai ba. Watau ƙarancin fitowa shi ne yake karya farashin kujera. Saboda haka ɗan takarar da ya dogara da jaka ba shi da wani dalilin ɓata kuɗinsa wajen tayar da waɗanda suka yi zamansu.

Waɗannan da suka zauna kuwa su ne suke riƙe da hukunci, in da sun sani. A jihar Legas mutum miliyan 7 ne suka yi rajista a 2023. Mista Peter Obi ya sami ƙuri'a 582,454, Alhaji Tinubu ya sami 572,606. Tazarar da ke tsakaninsu 9,848 ce kacal, a jihar da fiye da mutum miliyan 5 suka ƙi leƙa rumfa. Wata unguwa guda a Agege ko Mushin da ta fito kwanta da kwarkwatarta, ta isa ta juya sakamakon jihar.

Me ke fito da mutum daga gida ke nan? A ƙasar Amurka, inda ake zuba wa zaɓe kuɗi masu yawa, wasu malamai biyu na jami'ar Yale, Alan Gerber da Donald Green, sun gwada abin a garin New Haven a 1998. Suka kasa dubban masu zaɓe kashi-kashi. Wasu aka aika musu da takarda, wasu aka buga musu waya, wasu kuma aka je har ƙofar gida aka yi musu magana baki da baki. Takarda ta ɗan yi tasiri kaɗan, waya ba ta tsinana komai ba. Amma cikin kowane mutum 100 da aka iske a gida, an sami ƙarin wajen mutum 8 da suka fita zaɓe.

Dattawan siyasar Arewa ba su bukaci jami'a ta gaya musu wannan ba. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ba ta kama ƙafar NPN a dukiya ba, amma ta ci kujerar gwamna a Kano da Alhaji Abubakar Rimi, ta kuma ci ta Kaduna da Alhaji Balarabe Musa. Jarinta shi ne abin da ta gada daga NEPU: tela da mahauci da ɗan koli da malamin makaranta, kowa yana bin maƙwabtansa zaure-zaure, mata kuma suna shiga cikin gidaje. Wanda ya zo da maganar sananne ne, gobe ma za a gan shi a masallaci ko a kasuwa, don haka maganarsa take da nauyin da hoton bango ba shi da shi.

Akwai kuma cikas na zahiri da ɗan ƙaramin kuɗi da ƙwazo za su iya kawarwa. Katin mutum miliyan 6 ya kwana a ofisoshin hukumar zaɓe a 2023. Mutum yana jefa ƙuri'a ne a inda ya yi rajista, ranar zaɓe kuma akan hana motoci zirga-zirga. Ɗan kasuwar da ke zaune a Mile 12 amma rajistarsa tana Funtuwa, sai ya rufe rumfarsa ya biya kuɗin mota zuwa da komowa. Da yawa sun yi hakan a 2019, sai aka ɗage zaɓen ran 16 ga watan Fabrairu, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, aka mai da shi 23 ga wata. A 2023 kuma canjin takardun Naira ya bar jama'a ba kuɗin mota a hannu. Doka ta ba da damar mutum ya mai da rajistarsa inda yake zaune tun kafin zaɓe, amma jam'iyyu nawa ne suka taɓa tura matasansu kasuwanni don su nuna wa jama'a yadda ake yi?

Don haka jam'iyyar da take son jama'a da gaske, a littafin kashe kuɗinta za a gane. Ya kamata hukumar zaɓe ta matsa wa jam'iyyu su kawo lissafinsu kamar yadda doka ta ce, ta kuma buga shi kowa ya ga nawa aka kashe a fili, nawa aka kashe a unguwa. Shi kuma mai kati ya sani cewa ranar da ya zauna a gida don ya gaji da 'yan siyasa, ya rage wa mai jaka kuɗin da zai biya ne, kuma wanda ya hau kujera da araha haka shi ne zai yanke masa kuɗin makaranta da na asibiti har shekara huɗu.