Fitilar birki: A gwada kafin a yanka waya

Idan fitilar gaba ta mutu, direba ne zai fara sani, domin shi duhu zai rufe. Fitilar birki kuwa tana iya yin wata guda a mace mai mota bai sani ba, sai ranar da jami'an kiyaye haɗurra suka tsayar da shi, ko ranar da wata mota ta daki bayansa.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. A hanyar Kano zuwa Zariya, da dare ko cikin hazon hunturu, wannan jan hasken ne ke shaida wa na baya cewa na gaba ya taka birki. In babu shi, jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa.

Abin takaicin yana wajen gyara. A gareji da dama, da zarar an ce wa mai gyaran wayar mota fitilar birki ba ta kamawa, sai ya fara feɗe wayoyi yana haɗa wannan da waccan, ko ya jawo sabuwar waya ya naɗe da salatif. Fitila ta kama, an biya kuɗi, amma ainihin cutar tana nan.

Alhali hanyar wutar gajera ce. Daga batir take tasowa, ta bi ta fis, ta isa wani ɗan makunni da ke saman abin taka birki, ta wuce zuwa ƙwan fitila, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Kowane daga cikin waɗannan wurare yana da alamarsa idan ya lalace.

Idan gefe ɗaya ne ya mutu, galibi ƙwai ne ko mazauninsa. A motoci da yawa ƙwan baya zare biyu gare shi: mai wat 5 na fitilar dare, da mai wat 21 na birki. Na birkin yana iya tsinkewa na daren yana ci, shi ya sa direba zai rantse ƙwansa lafiya lau tunda ya ga ja a bayan motar.

Sai fitila ta uku, wadda ke tsakiya ta sama. Amurka ta wajabta ta a ƙananan motoci tun samfurin 1986, kuma yawancin motocin da ke yawo a titunan Najeriya suna da ita. Ita ce shaidar da ba ta buƙatar kayan aiki. In tana kamawa sauran biyun ba sa yi, to a yawancin motoci fis da makunni lafiyarsu ƙalau, sai a nemi matsalar a baya. In duka ukun sun ɗauke, sai a duba fis, sannan makunni.

A kan fis ne ake tafka babban ganganci. Fis ba ya ƙonewa haka kawai. An yi shi ne ya tsinke idan wuta ta wuce kima, domin ya ceci wayoyi. Ƙwai biyu na birki wutar da suke ja ba ta kai amfiya 4 ba, fis ɗinsu kuwa galibi mai lamba 10 ne ko 15. Idan aka sa sabo ya sake ƙonewa, akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, sau da yawa a inda wayoyi ke lanƙwashewa wajen murfin but.

Maimakon a nemo wurin, sai a sa mai lamba 30, ko a naɗa silin waya a gurbin fis ɗin. Daga nan wayar da ke cikin mota ita za ta ɗauki zafin, ta narke a ƙarƙashin kafet inda ido ba ya kaiwa. Duk mai motar da ya ga ana yi masa haka, ya kamata ya hana nan take.

Akwai kuma alamomin da ke rikita mutane. Idan an taka birki sai sigina ta yi haske dishi-dishi, yawanci wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota ce ta yi tsatsa ko ta saki, wuta na neman wata hanya. Kankare wurin da ɗaure noti ya wadatar. Idan fitilar ta ƙi mutuwa har batir ya sauka cikin dare, a leƙa ƙasan abin taka birki: wata 'yar roba da ke danne makunnin ce kan farfashe da tsufa. A mota mai giyar otomatik kuwa, lalacewar makunnin kan hana giya fita daga P, kuma nan ne ake tsorata mai mota da zancen giyabos.

Masu gyaran ma suna da nasu ƙorafin, kuma ba a banza ba. Mai mota yana sauri, ba ya son biyan kuɗin bincike. In aka ce masa ƙwai ne kawai, sai ya ga kamar ba a yi aikin komai ba, ya miƙa abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya feɗe waya ya yi gumi shi ake ganin ya yi aiki. Muddin haka ake biya, haka za a ci gaba da gyara. Wanda ya ɗauko fitilar gwaji ya gano matsala cikin minti goma ya fi cancantar kuɗi mai kauri.

Duba fitilar kuwa ba ya buƙatar kowa. Da dare, direba ya matsa da baya kusa da bango, ya taka birki, ya kalli madubi. Jan haske zai bayyana a bangon, gefen da ya mutu kuma zai nuna kansa.